Abin da Ke Cikin Kan Abu Nazih

Shafi na 19

Masu cewa Nazih ɗan albarka ne da masu cewa ya ci amana, ku tsagaita da faɗan tukuna. Ku ga safiyar Sallah.

*

Wuƙar ba ta yi rawa ba.

Abin da mutanen lungun suka taru su gani ke nan, ba ragon ba. Abu Nazih, mahaucin da ya fi kowa daɗewa a tsohuwar kasuwar Saida, garin bakin teku da ke kudu da Beirut, ya yi shekaru bai riƙe wuƙa ba. Ciwon karkarwa ya kai shi inda ko cokali sai an riƙe masa. Yau ga shi durƙushe a ƙofar shagonsa, hannun hagu a haɓar rago, na dama riƙe da wuƙa, cak, kamar an kafe shi.

Babban ɗansa Nazih ne ya danne ƙafafun ragon. Rigar Sallarsa tuni ta ɓaci.

"Danne da kyau, mai kantin magani!" in ji Abu Hilal mai gahawa daga bakin shagonsa. "Rago ne fa, ba kwalbar maganin tari ba."

Aka kwashe da dariya.

"Ƙyale min yaro," in ji Abu Nazih, bai ko ɗago ba. "Shi ya dawo min da hannun nan. Ko sakin ragon ya yi ya gudu, na yafe."

Sai ya gyara murya. Lungun ya yi tsit.

"Ya Allah, wannan daga gare ni ne. Ladansa kuma ka kai shi ga bawanka Iyad Ƙaddura, wanda ya ba ni abin da ko ɗan'uwa bai ba ni ba. Bismillahi, Allahu Akbar."

Ja ɗaya. Jini ya biyo kwata.

Mata suka rangaɗa guɗa daga tagogi. Abu Hilal ya share ido da bayan hannu yana cewa hayaƙi ne. Ba wanda bai san sunan Iyad ba a lungun nan: saurayin da ya rasu a haɗarin babur, aka ɗebi ƙwayoyin halitta daga ƙwaƙwalwarsa aka dasa wa Abu Nazih a wani asibiti a Beirut. Haka kowa ya sani. Tsofaffi kan sa shi a addu'a bayan sallah.

Nazih ya ji ƙafar ragon tana harbawa a tafin hannunsa, tana raguwa, har ta daina. Ya kau da kai. A cikin jini ya girma, ba jinin ne ya dame shi ba.

"Yaya!"

Ƙanwarsa Rudaina ce a kan matakala. Jiya ta zo daga gidan mijinta a garin Sur don yin Sallah da su.

"Zo ka sauko min da babbar tukunya."

*

Da ƙafa ta tura ƙofar kicin. Babbar tukunyar tana kan murhu, ruwa har ya fara zafi. Albasar da za a ci da ɗanyar hanta tana kan katako, rabi a yanke.

"Ga tukunyar nan ai," in ji Nazih.

"Zauna."

"Rudaina, nama na jira a ƙasa."

"Naman ba inda za shi yanzu. Zauna."

Ya zauna a bakin kujera.

"Mun ga kabarinsa," ta ce.

"Kabarin wa?"

"Na Iyad Ƙaddura."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, busasshiya.

"Ba zai yiwu ba."

"Me ya sa? Mutum ya mutu, an binne shi. Mene ne mai wuyar yiwuwa a nan?"

Ta jingina da ƙofar, ta ci gaba.

"Da aka sauko daga Idi, kai ka tafi ɗauko rago, mu muka wuce maƙabarta da ganyen raihani, mu kai wa Mama. Baba ya ƙi keken guragunsa, ya ƙi sanda, hannuna ma ya ƙi. Muka yi mata Fatiha. Sai ya ce bari ya zaga ya gaida tsofaffin masu sayen namansa, tunda yau ƙafa ta yarda. Yana tafe yana karanta sunaye, yana yi musu tsiya. Wannan ya cika son kitse. Wancan kullum sai ya ce a ƙara masa ƙashi. Kawai sai na ga ya tsaya."

"Rudaina..."

"Ban gama ba. Wata mata ce zaune a gefen kabarin, tana zuba wa shuka ruwa. Ya ce mata, 'Ke ce mahaifiyarsa?' Ta ce i. Yaya, durƙusawa ya yi. Ya cire hula a gaban mutane, ya nuna mata tabon. Ya gaya mata komai."

Nazih ya dafe gefen teburi.

"Komai?"

"Duk abin da ka gaya masa."

"Me ta ce?"

"Za ka ji da kunnenka. Ya gayyace ta. Bayan azahar tana nan tafe."

Ruwan tukunya ya fara tsuwa. Rudaina ta rage wutar, ta juyo.

"Ni kuma na karanta dutsen kabarin har ƙasa. Baba an yi masa aiki kafin azumin bara. Ba zan manta ba, don a asibiti muka ji an ga wata, na sayo maka dabino a bakin titi. Iyad kuwa a tsakiyar azumin ya rasu. To gaya min, kai da ka yi karatu, ta yaya aka ciro abu daga kan yaron da ke yawo lafiya lau a kan babur ɗinsa?"

Ya mayar da ido kan albasar. Shekara guda da ɗoriya yana jiran ranar da wani zai yi masa wannan tambayar. Ya sha tsara amsa a ransa yana jera magani a kanti. Yanzu da ranar ta zo, ba ko ɗaya da ta zo tare da ita.

"A bango na gani," ya ce.

"A ina?"

"Ranar da muka koma cire ɗinki. Muna cikin cunkoso a Beirut, Baba yana gefena yana damuna. Wane ne? Ɗan wa? Yana da 'ya'ya? Ya ce ba zai iya yi wa mutum addu'a ba suna ba. Na ce sirrin asibiti ne. Ya ce in ban samo masa ba, da kansa zai je ya tambayi likita. Na ɗaga kai, ga takardar sanarwar mutuwa manne a bango, sabuwa fil, da hoton saurayi. Na karanta masa sunan."

"Haka kawai?"

"Na ɗauka ɗan Beirut ne. Ban duba ƙasa na ga inda za a binne shi ba. Aka ba mu hanya, na ja mota."

"Ka sato sunan ɗan mutane daga bango."

"I."

"To in ba nasa ba ne, na wane ne?"

Nazih ya goge fuska da hannu, ya bar jan layi a kumatunsa.

"Kin san yadda abin yake. Ɗan kwanso ne siriri, bai fi..."

"Bai fi ƙwayar shinkafa kauri ba. Na sani. Jikinsa ƙofofi ne ƙanana, abinci ya shiga, magani ya fito a hankali a hankali, garkuwar jiki ba ta samun hanyar shiga ta kashe abin da ke ciki. Har Abu Hilal ya haddace, yana yi wa masu shan gahawa lacca. Ba kwanson nake tambaya ba, Nazih. Abin da ke cikinsa."

In ta ajiye "Yaya" ta kira sunansa, to an zo ƙarshe.

"Ba na mutum ba ne."

Ta tsaya cak.

"Na me?"

Ya dubi ƙofa. Ya dubi taga. Daga ƙasa ana jin muryar mahaifinsu yana kabbarorin Sallah, muryar da ta yi shekaru a shaƙe.

"Alade."

Bai ma tabbata ya furta ba, sai da ya ga fuskarta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta je famfo ta buɗe, ta hau wanke hannuwan da ba abin da suka taɓa.

"Ki saurare ni," ya ce da sauri. "Ba nama ba ne. Ba jini ba ne. Ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, daga 'ya'yan aladen da ake rainonsu a ƙasar waje, a wurin da ya fi ɗakin tiyata tsabta. Ba sa ma taɓa naman jikinsa, kwanson ne tsakani. Kuma na tambaya. Har wurin shehi na je, ba ɗaya ba. Sun ce lalura ce, in babu wani magani ya halatta."

"Ka tambayi shehi."

"Wallahi na tambaya."

"Mai kan fa? Shi ka tambaye shi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Mutumin da yake buɗe kwanson magani ya juye garin a cokali ya shanye ɗacin, don kawai ya ji an ce da ƙashin alade ake yin wasu. Kai da kanka kake masa dariya."

"Shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Shi ya sa ban tambaye shi ba!" Ya ji muryarsa ta tashi, ya danne ta. "Ke kina Sur. Ki zo ran Juma'a da farantin zaƙi, ki sumbaci goshinsa, ki koma. Ni ne na same shi a ƙasan banɗaki, ya kasa ɗaura wandonsa. Baba. Wanda yake saɓa rabin bijimi a kafaɗa. Yana kuka, yana roƙon Allah ya ɗauke shi kafin ya ƙara kunyata a gabana. Da na gaya masa, da a'a zai ce."

"Da a'ar tasa ce."

Maganar ta shige shi, domin ita ce wadda yake gaya wa kansa kullum, shi kaɗai, bai taɓa samun abin mayarwa ba.

Rudaina ta kashe famfon.

"Likitar da ta yi aikin fa, Dakta Lamis? Ita ma da bakinta a ciki?"

"A'a. Ta zauna ta yi masa bayani da kanta. Da ta zo kan kalmar sai ta juyo wajena ta faɗa da Faransanci, kin san yadda suke yi in magana ta yi nauyi a gaban dattijo. Na ce ta bar min, ni zan gaya masa a gida cikin natsuwa. Washegari na ce mata ya yarda."

"Shi kuma ka ce masa na mutum ne."

"Ya tambaye ni daga ina. Na ce wani bawan Allah ne ya bayar."

Ta zauna a ɗaya kujerar. Fushin ya sauka daga fuskarta, abin da ya maye gurbinsa ya fi shi muni.

"Ana iya cirewa?"

"Akwai ɗan zare a jikinsa, a ƙarƙashin fata. Ƙaramin aiki ne."

"In an cire fa?"

"Hannun ya koma. Ƙafar ta koma. Ba rana ɗaya ba, amma komai zai koma."

"Zai ce a cire."

"Kafin la'asar ma."

Tare suka leƙa ta taga. An rataye ragon, Abu Nazih yana feɗewa, wuƙa na bin fata kamar ba ta taɓa barin hannunsa ba. Ya yanko hanta ya ɗaga sama yana nuna wa Abu Hilal, yana dariya har da riƙe ciki.

"A maƙabarta na so in dawo in shaƙe ka," in ji Rudaina. "Yanzu ban san me nake so ba." Ta ja numfashi. "Amma matar nan fa, Yaya? Me ta yi mana?"

*

Ummu Iyad, mahaifiyar mamacin, 'yar ƙaramar mata ce, sanye da baƙi har yanzu. Ta zauna a bakin kujera a falo, jakarta a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Rudaina ta kawo gahawa mai ɗaci da ma'amul, irin cincin ɗin Sallah mai dabino a ciki. Matar ba ta ko kalle su ba. Kan Abu Nazih take kallo.

"Wannan ne Nazih," in ji tsohon. "Babbana. Shi ya yi ta zirga-zirgar."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

"Amin, Hajja."



"Ban gaya wa yayyensa ba tukuna," ta ce. "Zafin kai gare su. Za su ce wa ya ba da izini, su je su ɗaga asibiti. Ni ba na neman kowa da komai. Shi dama haka yake, rigar jikinsa yake cirewa ya ba aboki, in yi ta faɗa. Da an tambaye shi, da ya bayar." Ta yi ɗan murmushi. "Karatu ne dai ba ya so. Malamansa kullum cewa suke ba komai a kan nan nasa. Ashe akwai."

Abu Nazih ya yi dariya kaɗan, ya sunkuyar da kai.

"Hajji, in tambaye ka?"

"Tambayi, 'yar'uwa."

"Kana mafarkin teku? Shi kullum yana bakin ruwa, wajen masunta."

"Wani lokaci," in ji tsohon a hankali. "Ɗan Saida ne ni ma."

Ta gyaɗa kai kamar an ba ta babbar kyauta. Sai ta juyo wajen Nazih.

"Kai ka gan shi, ko? A can asibitin. Ni ba su bar ni ba. An ce in tuna shi yadda ya fita da safe. A rufe aka kawo min shi." Ta matse jakar. "Fuskar tasa... ta lalace sosai?"

Nazih ya ji idon Rudaina a gefen fuskarsa. Ga ƙofa a buɗe, ga gaskiya a bakinsa. Kalma kaɗan ce. Ya dubi matar, ya ga yadda ta miƙo wuya tana jira.

"A'a, Hajja. Kamar mai barci."

Ta rufe ido. Hawaye suka biyo, ba sauti.

"Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Shekara guda ban yi barci ba saboda wannan."

Da a ce zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ta buɗe jakar ta fito da hular ulu, shuɗiya, an ɗan ci bakinta.

"Ni na saƙa masa. In sanyi ya shigo, ka riƙa sawa. Sanyi yana saurin kama shi a kai."

Abu Nazih ya karɓa da hannu biyu.

"Yaushe ne ma aka yi maka aikin, Hajji? A daren ne, ko washegari?"

Cokali ya faɗi daga farantin Rudaina. Nazih ya buɗe baki, bai san me zai fito ba.

"Cikin azumi ne," in ji Abu Nazih. "Cikin azumi, 'yar'uwa. Sha gahawarki kada ta huce."

Nazih ya dube shi. Tsohon na ta juya hular a hannu. Ya rikice ne, Nazih ya gaya wa kansa. Ya kwanta asibiti, kwanakin sun cakuɗe masa. Allah ya rufa asiri.

Da ta tashi tafiya, ta tsaya a tsakiyar falon tana jan gefen mayafinta.

"Ka yafe min, Hajji, na san bai dace ba. Sau ɗaya kawai."

Bai tambaye ta me take nufi ba. Ya cire hularsa ya sunkuyo. Ta naɗe hannunta da gefen mayafi ta ɗora a kan tabon. Leɓɓanta na motsi. Abin da Nazih ya iya ji kawai shi ne, "Barka da Sallah, ɗan Mama."

Nazih ya fita baranda.

*

An naɗe mata cinyar rago guda. Rudaina ta ɗauka ta raka ta bakin titi neman mota.

"Zo ka taya ni wanke wuƙaƙe," in ji Abu Nazih.

Suka sauka shago. Lungun ya watse, kowa ya shige gida wajen nama. Ƙudaje ne kawai a kan kwata.

"Jawo ƙofar."

Nazih ya jawo ta rabi.

"Duka."

Tsohon ya jera wuƙaƙen a kan katakon da ya gada daga nasa uban. Ya ɗauki babbar ya wanke, ya goge, ya duba kaifinta a hasken ƙwan lantarki. Hular ulun tana leƙowa daga aljihunsa.

"Ka ji abin da na ce mata?"

"Wanne, Baba?"

"Cikin azumi."

"Ka manta ne. Ba komai, kwanakin asibiti..."

"Hannuna ne ya yi ciwo, ɗana, ba hankalina ba."

Ya ajiye wuƙar. Ya ɗauki ta biyu.

"Na ga dutsen. A makare dai na gan shi. Na riga na cire hula, na riga na gaya mata. Ina durƙushe tana kuka, sai idona ya sauka a layin ƙasa, kan ranar rasuwarsa. Me zan yi? In mayar da hulata in ce yi haƙuri, baiwar Allah, kuskure ne?"

Nazih ya jingina da bango.

"Amma ka... ka yanka ragon da sunansa."

"Mamaci ba ya ƙin sadaka. Shekara guda ina kiran sunan yaron nan a sujada, ya zama nawa ko da ba komai nasa a jikina. Wannan ban yi da-na-sani ba." Ya goge wuƙar a hankali. "Amma tun ina tsayawa a kan akwati don in kai tsawon katakon nan, ban taɓa ba mutum akuya na ce masa rago ne ba. Yau, ranar Sallah, na dubi uwar mamaci na yi mata ƙarya da bakina. Ta ba ni hular ɗanta na karɓa. Kai kuma ka ce mata kamar mai barci."

"Baba, ni..."

"Ban ce ka yi magana ba tukuna."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga, da Nazih ya ji daɗi.

"Ba kai kaɗai ba ne. Likitar nan da Larabci ta yi min magana tun daga farko har ƙarshe. Wuri ɗaya tak ta juya harshe, ta dube ka. Na gani. Na ga kunnenka ya yi ja, kamar ranar da ka fasa min ma'auni ka ce mage ce. Da na so, da a nan na ce tsaya, me ta ce? Ban ce ba. Ina son hannuna." Ya ɗaga hannun ya kalle shi, gaba da baya. "Da ka ba ni suna a mota, na karɓa da gudu. Wannan laifina ne, ni da Ubangijina."

Ya jera wuƙa ta ƙarshe kusa da 'yan'uwanta, ya daidaita su.

"Amma ban taɓa shigo da nama shagon nan ban san daga ina ya fito ba. Ba zan fara da kaina ba."

Daga waje aka ji takun Rudaina a lungu, ta zo ƙofar ta tsaya. Ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Zaren nan da aka ce ana ja a cire," in ji Abu Nazih, "wannan da Larabci ta faɗa. Na ji shi sarai."

Ya zagayo katakon, ya tsaya a gaban ɗansa. Ya cire hula. Tabon yana nan a gefen hagu, fari, gashi bai rufe shi ba.

"Kawo hannunka."

Nazih bai motsa ba. Tsohon ya kamo hannun da kansa, riƙo mai ƙarfi, riƙon mahauci, ya ɗora shi a kan tabon, daidai inda matar ta ɗora nata.

A cikin hannuwan biyu, ɗaya ne ke rawa, kuma ba na tsohon ba ne.

"To, mai kantin magani. Ga ni, ga ka, ga Allah."

Ya dube shi cikin ido.

"Mene ne a cikin kaina?"